Maiwar da Muka Shuka a Bronx

Na taso ina ɓoye littattafan soyayya a ƙarƙashin katifa, irin waɗanda muke karɓowa haya a bakin kasuwa a Kano, bangonsu duk ya sha hannu. A cikinsu saurayi yakan iso da la'asar, cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga sallamarsa shiga gida. Nawa da ya tashi zuwa, a tsaye na same shi a bakin titin Fordham, cikin rigar ruwa ta leda, yana sayar da laima.

A lokacin na haura talatin. Auren da ya kawo ni Amurka ya mutu, takardun zamana a ƙasar suna hannun lauya, ina aikin kula da wata tsohuwa a Parkchester. Ɗaki nake haya a gidan wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, mai sayar da atamfa da turaren wuta, wadda bakinta ba ya gajiya. Rannan na sauko daga bas, rana tar a sama, sai na ji an ce min da Hausa:

"Hajiya, sai laima. Ruwa na tahe."

Na ɗaga kai, ban ga ko ɗigon gajimare ba. Na ce, "Malam, in ciniki kake nema ka faɗa, ba sai ka yi wa sama ƙage ba."

Ya yi dariya. "Bakanuwa ce ke nan. Shi ya sa. Ku ko ruwa ya jiƙa ku sai kun nemi ragi."

"Kai kuma daga ji Badamagare ne."

"Uban gidanki ke nan."

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, don haka na rama, na wuce abina ban saya ba. Kafin in kai layinmu ruwa ya tsuge. Na isa gida mayafina yana ɗiga, Hajiya tana tambayata ko wanka na yi a hanya. Washegari na koma wurinsa. Ya zaro wata laima mai ruwan ganye ya miƙo min, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce wai zakkar Damagarawa ce ga mabukata.

Haka muka fara. Dogo ne, baƙi, mai siririyar wushirya, hannunsa kaushi kamar bayan tukunya. Ya daɗe a New York ba takarda, yana sayar da laima idan ana ruwa, tabarau idan ana rana, hular sanyi da safar hannu idan hunturu ya shigo. Saboda haka rayuwarsa duk a kan sama take. Amma abin da na lura da shi tun farko, sama biyu yake kallo. Akwai ta nan, wadda yake duba wa a talabijin ɗin shagon wani ɗan garinsu don ya san kayan da zai fito da su. Akwai kuma ta gida. Yana da wata lamba da ake kira a saurari rediyon Hausa ta waya, kuma da zarar watan biyar ya kama, wayar ba ta barin kunnensa. Yakan ce, "Tsaya, meteyo za su yi, labarin yanayi," ya ɗaga min hannu, ko da tsakiyar zance muke. Na sha yin fushi. A littattafaina babu saurayin da ya taɓa katse budurwa don ya ji inda hadari ya kwana.

Shi ne babba a gidansu. Mahaifinsa yana noma gandun da kakansa ya bari a wani ƙauye kudu da Damagaram, kuma tun yana yaro su biyu suke fita shuka, uban yana sara da sungumi, shi yana bi yana zuba iri yana rufewa da diddige. Ya ce min tun da ya zo ƙasar nan, duk ranar da aka kira shi aka ce an yi ruwan shuka, ba ya iya cin abinci. Ƙafarsa ta dama takan yi ta motsi ita kaɗai a ƙarƙashin teburin laima.

Tsohuwar da nake kula da ita baƙar fata ce, 'yar manoma daga kudancin ƙasar, ta zo New York tun tana budurwa. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, idonta ya yi rauni, amma tashar da ke faɗin yanayi ba ta mutuwa a falonta daga safe har yamma. A farkon zafi na shekarar da nake ba da labari, kullum maganarsu biyu ce: fari ya ƙone gonakin wasu jihohi na kudu, shanu suna mutuwa, sannan lokacin guguwar teku ya kama, wadda suke kira hariken, kuma masana sun ce bana a yi hattara. Tsohuwa, wadda Bebi take kirana, takan girgiza kai ta ce, "Bebi, waɗannan mutanen na birni ba su san abin da ake faɗa musu ba. Su rana ce kawai ta zuwa bakin ruwa." Da na ba ta labarin mai laima, sai ta ce tana da ɗan fili a lambun unguwa, bayan wani dogon bene, wanda ciyawa ta cinye tun da ta kwanta. Ta ce in kai shi.

Filin bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Gefe guda wata mata 'yar Jamaika ta shuka alayyafo, ɗaya gefen wani dattijo mai jin Sifaniyanci ya kafa wa tumatirinsa sanduna. Mutumina ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

A nan, a tsugune, ya nemi aurena. Babu zobe, babu waƙa. Ya ce, "A garinmu ba a ɗaura aure sai hatsi ya shiga rumbu. Kuma furar da amarya za ta fara sha a ɗakinta, daga gonar ango take hitowa. Ni ban da gona nan, shi ya sa ban taɓa buɗa baki ba. Yanzu ga gona. In kin yarda, kaka ta bana."

Ni da na ƙoshi da labaran attajirai masu ba da makullin mota, ban taɓa jin maganar da ta narkar da ni irin wannan ba. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Hajiya tana yanka kuɓewa ta saurare ni har ƙarshe. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta.

"'Yar Kano, kanki ɗaya? Masallaci yana nan bayan layi. Liman yana nan, goro yana nan, dabino yana nan. Gobe Juma'a a ɗaura, a gama. Gero kuma ga shi a shago cikin leda, wanda kike so."

"Hajiya, ba ki gane ba. Na hannunsa yake so in sha."

"Ni na yi aure uku, ban sha na hannun kowa ba, ga ni da ƙiba. Wannan littattafan naki ne ya ɓata ki. Bazawara yana jiran damina!"

Na yi dariya har da hawaye, na ce ta bar mu. Gaskiya ni ma jiran ya yi min daɗi. Ina so a ce akwai abin da ke girma a ƙasa dominmu.

Irin ya zo ta hannun wani ɗan kasuwa da ya dawo daga gida, ƙulle a bakin tsohon zane. Mahaifiyarsa ce ta aiko, kuma da ta ji na amarya ne, ba ta aiko gero ba, maiwa ta aiko, don furarta ta fi fari da gardi. Ya nuna min a tafin hannunsa, ƙananan ƙwayoyi masu haske. Ya gyara fili, ya yi huɗa da wata fartanya da ya ƙera wa ƙota da kansa. Maƙwabtan lambu sun daɗe da shuka nasu, har tumatirin dattijon ya fara hawa sanda. Ruwa kuma ana yinsa a New York yadda aka saba. Amma shi bai shuka ba.

Na ce, "Me kake jira?"

"Tsoho. Ban taɓa sa iri a ƙasa ba sai ranar da ya sa. In an yi ruwan shuka can, ya sara, ni ma in sara nan. Gona guda ce."

Ruwan can kuwa ya ƙi zuwa. Watan shida ya kama, ya yi nisa. Kowace safiya a rediyon waya sai a ce hadari ya taso ta gabas, iska ta watsa shi. An fita roƙon ruwa a garuruwa. Wasu sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran rahama, tsuntsaye da zafi suka cinye. Mahaifinsa ya ce shi ba zai yi caca da irin gida ba. Idan na je Fordham da yamma, sai in same shi a tsaye da waya a kunne, ana yayyafi a kansa, mutane suna neman laima, shi hankalinsa yana wata ƙasa inda ko ɗigo babu.

Tsohuwata ta fara damuwa. "Bebi, gaya wa saurayin nan naki, nan ba Afirka ba ce. Lokacin zafi gajere ne. In bai shuka yanzu ba, sanyi zai riske shi a hanya." Na kai masa saƙo. Ya yi murmushi ya ce a gaishe da Mama, amma shi hatsi ya san shi tun kafin ya san sunansa.

Sai da watan bakwai ya kama aka kira shi. Ina cikin yi wa tsohuwa tsifa wayata ta yi ƙara, na ji muryarsa: "An yi! An yi ruwa, har ya yi kwari. Tsoho ya hita da sungumi. Taho." Na roƙi ɗiyar tsohuwar, wadda ta zo duba ta, ta zauna da ita, na hau jirgin ƙasa mai lamba shida, na canza bas, na iso da gudu kamar yarinya. Shi ya sara ramukan, ni na bi ina zuba iri. Ya koya min yadda ake ɗiba da yatsu uku, da yadda ake rufewa da diddige ba tare da an danne ba. Na cire takalmi. Rabona da taka ƙasa da tafin ƙafa tun ina gida. Ya waiwayo ya ce, "Kai, Bakanuwa, ramin can kin zuba na mutum biyar. Wannan ba awon kasuwa ba ne." Na ce ai Kanawa ba a san mu da rowa ba. Ya ce to yau ya ji sabon labari.

Maiwa ta tsiro kamar gashin jariri, sannan ta miƙe. Ban taɓa ganin abu yana girma da irin wannan zumuɗi ba. Ƙasar lambun baƙa ce mai taki, ruwa bai yanke ba, kafin azumi ya kama ta kai ƙuguna, kafin ya raba ta wuce kaina. 'Yan lambu suna zuwa kallo, suna tambaya ko rake ne. Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo, rana takan ƙi faɗuwa har mutum ya fara zargin agogo. Mukan zo da dabino da kunu a fulas mu sha ruwa a gindinta, ganyen yana kaɗawa a kanmu da wani sauti da ya ce shi ne sautin gidansu. Nakan rufe ido in ga kaina a ɗaki, da lalle a ƙafa, da ƙwarya a hannu.

A can kuwa, bayan ruwan shuka, sama ta rufe bakinta. Tsiron ya fito ya tsaya, ya murɗe, ya yi fari. An sake shuka, aka sake rasawa. Yakan tsaya a gaban tamu maiwar, kore shar, ya ce, "Da ana aika ruwa ta talho." Daga baya ma ya daina faɗa. Mahaifinsa ya fara tari, amma kullum yana gona, yana tonon ramin da ba abin da zai fito daga ciki.

Wani abu kuma ya fara damunsa a nan. Maiwar ta yi tsawo har ta fi shi, kara ya yi kauri, amma ba ta yi ciki ba, balle ta fitar da kai. Yakan lanƙwaso kara ya matsa samansa da yatsa, ya saki. "Tana jiran dare ya yi tsawo," in ji shi. "A gida in damana ta juya baya, rana ta fara gajarta, sai ta san lokaci ya yi. Nan rana ta ƙi gajarta. Ta ɗauka har yanzu farkon damana ne." Na ce to ai za ta gane. Ya ce in sha Allahu.

Ana saura kaɗan Sallah aka ce guguwa ta nufo birnin. A nan suna raɗa wa guguwa suna kamar jaririya, suna bin ta a taswira daga tsibiri zuwa tsibiri. Tsohuwata ta ƙura wa talabijin ido tana addu'a irin tasu. Aka tsayar da jirage da bas, shaguna suka ƙare da ruwan gora da burodi. Mai laima ya sayar da duk abin da ke teburinsa kafin azahar, amma maimakon ya tafi gida, sai ya sayo igiya. Muka haɗa karan maiwa dami-dami a tsaye, muka ɗaure su da shingen waya, iska tana fizgar mayafina, sama ta yi launin toka. Hajiya ta kira ni tana faɗa: "Mutane yana ɓoye kansa, ku kuna ɗaure ciyawa!"

Da gari ya lafa muka je. Reshen bishiya ya karye a ƙofar lambu, tumatirin dattijo ya zube, ruwa ya kwanta ko'ina. Rabin maiwarmu ta kwanta, ganye ya tsattsage. Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana tayarwa, yana tara ƙasa a gindi, yana mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin akuya. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe. Na ce a raina, shi ke nan, mun ci jarrabawar. A kowane littafi akwai babin da komai yake neman rushewa, daga shi sai biki.

Bayan Sallah da 'yan makonni mahaifinsa ya rasu. A gona aka same shi, a zaune, ya jingina da bishiyar kuka.

Aka yi zaman makoki a nan, a ɗakin da mai laima yake kwana da 'yan garinsu, maza a ciki, mu mata a falon maƙwabta muna dafa shinkafa. Da mutane suka ragu ya ce in same shi a lambu. Na san abin da zai faɗa tun kafin in isa. Akwai mahaifiyarsa, akwai ƙannensa mata biyu da 'ya'yansu, ga rumbu babu komai, ga gandu babu namiji. Kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan yadda ya zauna, idan ya fita, ƙofa ta rufe a bayansa.

Na ce, "To a ɗaura kafin ka tafi. Yau, gobe. Hajiya ta ce liman yana nan."

"In ɗaure ki nan in tahi can? Ke ba ki iya hita sai takardunki sun hito, ni ba ni iya dawowa. In bar ki ke ba mai miji ba, ke ba marar miji ba?"

"Na yarda."

"Ni ban yarda miki ba." Ya kama wani kara ya lanƙwaso. "Taɓa nan."

Na taɓa. Saman karan ya kumbura, ya yi tauri. Ta yi ciki.

"Alkawarin kaka na yi miki, kuma ban janye ba. Ki kula da ita. In ta nuna, ki yanke, ki daka, ki dama, ki sha, ki kira ni. Sai in aika dattawa Kano wurin kawunki a ɗaura can. Ranar da takardunki suka hito ki taho ki ga gidanki."

"In ba ta nuna ba fa?"

Ya ce, "Bon," kamar yadda yake cewa da Faransanci idan zai naɗe tebur, ya miƙa min fartanyar.

Ban raka shi filin jirgi ba. Hajiya ta ce ba kyau mace ta yi kuka a gaban Turawa.

Daga nan rayuwata ta koma tsakanin Parkchester da lambu. Ni da tsohuwa muka zama masu gadin talabijin. Duk lokacin da mai faɗin yanayi ya fito gaban taswirarsa, sai ta ce, "Ƙaro murya, bebi," mu ji ko sanyi zai sauko daga arewa. Watan goma ya kama, ganyen bishiyoyi ya fara ja, maiwa ta fitar da kai. Zangarniyoyi dogaye, sirara, suka leƙo sama da shinge, sannan suka yi bununi, wani farin gari mai laushi da ke manne wa mayafina. Na kira shi na faɗa masa. Layin yana yankewa, ina jin kukan jaki a bayansa. Ya ce, "Ta yi ido?" Na ce ban sani ba. Ya ce in murza da yatsa, in na ji ruwa fari kamar nono, to ta fara. Na murza. Akwai ɗan danshi, kaɗan. Ya ce tana bukatar rana, rana mai zafi, ko ta 'yan makonni ce.

Ranar kuwa kullum ƙara sanyi take. 'Yan lambu sun tumɓuke nasu sun tafi. 'Yar Jamaika ta ba ni tsofaffin zannuwan gado ta ce in rufa mata, amma yaya za a rufa wa abin da ya fi mutum tsawo? Na hau kujera na gwada, iska ta kwashe. Nakan tsaya in riƙe zangarniya a tafin hannuna ina hura mata numfashi, kamar yadda ake yi wa yatsun yaro. In wani ya gan ni, Allah ya sa ya yi min uzuri.

A ƙarshen watan, ranar wata Asabar, ƙanƙara ta sauko. Ko tsofaffin birnin sun ce ba su saba ganinta da wuri haka ba, bishiyoyi ma ba su gama zubar da ganye ba. Ina ɗakin tsohuwa na ga farin abu yana sauka a taga, manya-manya, jiƙaƙƙu. Ta laluba ta kashe talabijin da kanta, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Je ki."

Guguwa ta kwantar da maiwa ta tashi. Ƙanƙara kuwa karya ta ta yi. Karan sun ɓalle daga tsakiya saboda nauyi, zangarniyoyin sun nutse a cikin fari. Na tono su da hannu har yatsuna suka daina ji, na cika laimar nan mai ruwan ganye da su, na kai gida. Muka shanya a kan hita mai ɗumama ɗaki. Da suka bushe Hajiya ta shimfiɗa zane a tsakar falo, ta zauna tana murzawa da tafin hannu, ba ta yi min tsiya ko ɗaya ba. Ƙaiƙayi ne kawai yake zuba. Muka sheƙe a faranti, muka busa. Abin da ya rage bai rufe gindin kofin shayi ba, shi ma a motse, baƙi-baƙi.

Hajiya ta ce, "Kawo in haɗa da na shago in dama miki. Wa zai sani?"

Na daɗe ina kallon kofin. Na ce, "Zai tambaye ni, Hajiya."

Na sayi katin waya na kira shi. Ya saurara har na gama. Ya ce su ma abin da suka girba bai kai su ko tsakiyar rani ba, zai tafi wani gari neman aikin lambu. Sannan ya ce, "Gona guda ce, na gaya miki. Bana babu kaka, can da nan. Namijin da rumbunsa ke wofi ba ya ɗaukar 'yar mutane." Na ce ina aiki, ina samu, ban taɓa cewa ya ciyar da ni ba. Ya ce ya sani. Ya ce, "Bakanuwa, kada ki jira ni. Na sauke miki alkawari." Wannan karon da ya ce Bakanuwa babu wasa a ciki.

Amma na jira. Na karɓi lambar rediyon nan na adana, kuma da watan biyar ya zagayo ni ce da waya a kunne a cikin jirgi mai lamba shida. A talabijin ɗin tsohuwa ana ta maganar fari ya kama gonakin masara a tsakiyar Amurka, ana lissafin guguwar da za a yi, ni kuwa kunnena yana Damagaram. Aka ce bana damina za ta sauka da wuri, manoma su shirya iri. Na yi sujada a kicin ɗin mutane. Ruwa ya sauka, ya zauna, har wasu wurare ya yi yawa. Duk sallar da na yi sai na roƙa masa rumbu cike. Takarduna dai shiru, lauya kullum sai ya ce a ƙara haƙuri, amma na ce ba komai, in kaka ta yi kyau zai kira, a ɗaura, sauran mai sauƙi ne.

Ya kira kuwa, bayan an gama girbi. Muryarsa ta yi ƙarfi, ta cika. Ya tambayi Hajiya, ya tambayi Mama. Ya ce Allah ya karɓi addu'a, rumbu biyu sun cika har an yi na uku. Na ce alhamdu lillahi. Ya ce tsohuwarsa ba ta iya daka yanzu, ba ta iya ɗebo ruwa, kuma akwai wata 'yar maƙwabta da ta yi jinyarta duk tsawon rani. Ya ce bai so in ji a bakin 'yan Fordham.

Na ce Allah ya sa alheri. Na ce maiwa ce za a dama mata? Ya ce maiwa ce. Na ce to a dama da kyau, kada a cika ruwa. Kati ya ƙare, ko kuma ni na kashe, har yau ban tabbatar ba.

Tsohuwata ta rasu bayan wasu shekaru, filin lambun ya koma hannun wasu 'yan Bangladash, suna shuka kabewa. Takarduna sun fito daga baya, lokacin da ba inda nake sauri. Littattafan nan har yanzu ina karantawa, yanzu a waya, kuma har yanzu ina jin haushi idan marubuciya ta raba masoya.

Duk farkon zafi, idan talabijin ta fara maganar lokacin guguwa, nakan kira lambar nan in saurara. Idan aka ce an yi ruwan shuka a kudancin Damagaram, nakan ajiye cokali. Hajiya, wadda yanzu gwiwa ta zaunar da ita, takan dube ni ta saman tabarau ta ce, "An yi?" In ce an yi. Sai ta ce, "To ci abincinki, 'yar Kano, ya huce."